Kurket da besbol: wasa ɗaya ne ko 'yan uwa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin Indiyawa a talabijin suna dukan ƙwallo da wani faffaɗan katako, Amurkawa kuma da sanda mai kama da taɓarya. Abokina ya ce duk wasa ɗaya ne, suna kawai aka sauya. Haka ne? Kuma wanne ya girmi wani?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya hango kamannin jini, amma wasannin biyu ne daban. Na Indiyawa shi ne kurket, na Amurkawa besbol. Ɗaki ɗaya suka fito, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya haɗa su, wanda kuma ya fi burge ni, shi ne ƙwallo tana hannun masu tsaron gida. A ƙwallon ƙafa wanda ke riƙe da ƙwallo shi ke neman ci. A nan kuwa ɓangare ɗaya ke jifa, ya baza 'yan wasansa a fili domin su cafe, ɗaya ɓangaren kuma ya turo mai duka. In ya doki ƙwallon ta yi nisa, sai ya sheƙa da gudu zuwa wurin tsira kafin a dawo da ita. Gudun nan shi ne maki. Shi ya sa ba a lissafa hoki da tanis da folo a cikin wannan dangi, duk da cewa su ma da sanda ake yinsu.

A rubuce dai kurket ne babba. A wata shari'ar fili da aka yi a garin Gilfod na Ingila a 1598, wani mai shaida ya ce tun yana ɗan makaranta, wajen shekara hamsin kafin nan, suke buga wasan a filin da ake rigima a kansa. Wato wasan yara ne na ƙauye kafin manya su karɓe shi, masu kuɗi su fara caca a kansa. Inda aka zuba kuɗi kuwa dole a so ƙa'ida, shi ya sa aka rubuta dokokinsa a 1744, sannan kulob ɗin MCC da aka kafa a Landan a 1787 ya zama mai riƙon dokokin har yau. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa yana neman kayar da turaku uku da ke bayan mai duka, yawanci ta hanyar buga ƙwallon a ƙasa ta yi tsalle, don haka yanayin ƙasar filin kansa yana iya yanke hukuncin wasa. Akwai dogon wasa na kwana biyar, wanda aka fara tsakanin Ostireliya da Ingila a Melbon a 1877, akwai na yini ɗaya, sai kuma gajere mai suna T20 da aka ƙirƙiro a 2003, ana gama shi cikin kimanin awa uku.

Besbol kuma an daɗe ana koya wa Amurkawa cewa wani sojansu, Abner Doubleday, ya ƙago shi a 1839. Masana tarihi sun yi watsi da wannan labari. Sunan wasan ya riga ya fito a wani littafin yara da aka buga a Landan a 1744. Masu ƙaura daga Ingila ne suka tsallaka da ire-irensa, wani kulob a Niu Yok ya tsara dokokinsa a 1845, daga nan ya bazu har Kyuba, ya isa Japan a 1872. Mutum tara ne a kowane ɓangare, ƙwallon ba ta taɓa ƙasa kafin ta iso mai duka, shi kuma sai ya zagaye tashoshi huɗu kafin ya sami maki ɗaya.

Dangin na da yawa. Softbol an haife shi a Shikago a 1887 a matsayin besbol na cikin ɗaki, ana jifansa ta ƙasan kafaɗa. Akwai raundas a makarantun Ingila da Ayalan, da lapta a Rasha, da pesapallo na Finlan, inda mai jifa ke tsayawa kusa da mai duka ya cilla ƙwallon sama.

Kurket ya bi sawun mulkin mallakar Ingila ne, shi ya sa ya kafu a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu da tsibiran Karibiyan. Mu ma ya iso mu da wuri, domin Legas ta kara da Gwalkwas, wato Gana ta yau, tun 1904. Sai dai ya maƙale a manyan makarantu, ga tsadar kaya, ƙwallon ƙafa kuwa ko da tsumma ana bugawa a lungu. Ina ganin mun yi sakaci da shi, domin baiwar tana nan: a Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niu Zilan a gasar duniya a Malesiya. In Allah ya kai mu 2028, za ka ga kurket da besbol da softbol duka a gasar Olamfik ta Los Anjalis, kurket ɗin ma rabonsa da gasar tun 1900.