Amsar kawu kan al'adar manyan ƙasashe

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce kullum kuna musu da abokanka, wasu na bayan Amurka, wasu na bayan Rasha, har ka rasa gane wace irin al'ada ce ta sa ƙasar da ta tara makaman ƙare dangi take hana wata mallakarsu, sannan ta kira hakan kiyaye zaman lafiya. Ka kuma tambaye ni wane ɓangare ya fi gaskiya.

Al'adar tsohuwa ce, har a rubuce take. Amurka ta jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Tarayyar Sobiyat ta gwada nata a 1949, Birtaniya 1952, Faransa 1960 (a hamadar Aljeriya ta yi gwajin, ba a ƙasarta ba, ka riƙe wannan), Sin kuma 1964. Da su biyar ɗin suka samu, sai aka kawo yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, wadda ta ce wanda ya yi gwaji kafin 1967 kaɗai aka yarda ya riƙe. Akasarin sauran ƙasashe suka amince ba za su nema ba, su kuma manyan suka ɗauki alkawari a sashe na 6 cewa za su tattauna yadda za a kwance ɗamara. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, ba ɗaya daga cikin biyar ɗin da ta ajiye nata. Kuma su ne dai masu hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Laifi tudu ne, ɗana, kowa taka nasa yake ya hango na wani.

Hujjarsu ita ce kar ta san kar: idan kowa ya tabbata in ya harba za a rama masa, ba mai fara harbi. Ba zan ce maka ƙarya ce tsagwaronta ba, domin Amurka da Sobiyat ba su taɓa shelanta yaƙi da juna ba har Sobiyat ta rushe a 1991. Amma ka dubi Oktoban 1962. Sobiyat ta kai makamai masu linzami Kyuba, kimanin mil 90 daga gaɓar Amurka, Amurka ta ce ba za ta saɓu ba, alhali ita ma ta girka irin nata a Turkiyya, a bakin ƙofar Sobiyat. Ranar 27 ga wata, jiragen ruwan Amurka suka rutsa wani jirgin Sobiyat mai tafiya a ƙarƙashin teku, suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya taso. Waɗanda ke ciki sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba, zafi ya ishe su, iska ta ƙare musu, batura sun kusa mutuwa. Kyaftin ɗin ya zaci an fara yaƙi, ya so ya harba makamin nukiliyar da ke jirgin. Wani hafsa, Vasili Arkhipov, ya ce bai yarda ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, domin a wannan daren rayuwar miliyoyin mutane ta rataya a kan haƙurin mutum ɗaya da gumi ya jiƙa. Daga baya shugaban Amurka Kennedy da na Sobiyat Khrushchev suka sasanta, aka kwashe na Kyuba a bainar jama'a, na Turkiyya kuwa a ɓoye.

Abin da masu wannan hujja ba sa faɗa shi ne, yaƙin da manyan suka ji tsoron yi a gidajensu, a gidan wasu suka yi shi: Koriya, Biyetnam, Afghanistan. A Angola an fara a 1975, kowane ɓangare da mai ba shi makamai daga waje, wutar ba ta mutu ba sai 2002.

To, batun wa ya fi gaskiya. Ga ƙasashe biyu da suka yarda da maganar manya. Ukiren ta gaji makaman nukiliya masu yawa daga Sobiyat, ta miƙa su, a 1994 kuma Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. A 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya na Ukiren, a Fabrairun 2022 ta shiga da tankoki. Gaddafi na Libiya kuma ya watsar da shirinsa na makamai a ƙarshen 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi da sunan makaman da ba a taɓa samu ba. A 2011 jiragen NATO suka yi luguden wuta a Libiya, aka kashe shi a watan Oktoba. Koriya ta Arewa, wadda ta yi gwajinta na farko a 2006, tana kallon duk wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, wa zai lallashe ta yanzu ta ajiye?

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji matashi yana wanke Rasha da laifin Amurka, ko yana wanke Amurka da laifin Rasha. Uwar da ta binne ɗanta a Bagadaza ba ta samu sauƙi don an rushe birnin Mariupol na Ukiren ba, ta Mariupol ma ba ta huce da abin da aka yi a Bagadaza ba. Ni ban ɗauki tutar kowa a cikinsu ba, kuma ba na so ka ɗauka.

In kun sake zama, ka tambayi mai goyon bayan Mosko me ya ce game da takardar Budapest, ka tambayi mai goyon bayan Washington ina makaman Iraƙi suke. Ka rubuto mini amsar da kowannensu ya ba ka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.