Amsar muryar da aka tura zaure kan zaɓen faifai

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, ka ce an ba ka rabin awa duk Lahadi a gidan rediyo don sharhin faifan kiɗan gargajiyar Turawa, kana neman da wanne za ka fara. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, janaretan maƙwabcina ne, nan Agege an ɗauke wuta tun asuba.

To ai wannan ƙarar ma ita ce rabin amsarka. Mai sauraronka yana cikin danfo a gosulon Oshodi, ko yana shago janareta na ruri a bayansa. Kiɗan nan kuwa yana da wuraren da sauti ke sauka ƙasa-ƙasa kamar raɗa. In ka ɗauko irin wannan, wallahi mutum zai ɗauka tashar ce ta tsaya, ya murɗa gaba. Kuma ka manta da simfoni ta 9 ta Beethoven tukuna, wato dogon kiɗan nan nasa na babbar ƙungiyar makaɗa, ta haura awa guda, ina za ka sa ta?

Ni a ganina, nemi kiɗa guda gajere wanda aka naɗa sau biyu, ka jera su. Ga Glenn Gould, ɗan Kanada mai fiyano. Ya naɗa Goldberg Variations, wani kiɗa da Bajamushe Bach ya tsara, a 1955, ya sake naɗawa a 1981, shekara guda kafin rasuwarsa. Mabuɗin kiɗan, a faifan farko bai cika minti 2 ba, a na biyu ya ɗan haura minti 3. Mutum ɗaya, kiɗa ɗaya, amma na farko saurayi ne mai gaggawa, na biyu kamar dattijo yana taka ƙasa a hankali. Sa musu duka biyun, ka tambaye su wanne ya fi shiga ransu. Mutanenmu sun san wannan gardamar, ai haka ake yi a majalisa kan wace Bakandamiyar Shata ta fi daɗi. Ni dai na 1981 nake so, ko da yake ana jin shi yana gunaguni a bayan fiyanon, abin yana ɓata wa wasu rai.

Sannan kada ka cika shirin da Turawa kawai. Fela Sowande, mai tsara kiɗa, namu ne ɗan Najeriya, an haife shi a 1905, ya rasu a Amurka a 1987. African Suite ɗinsa kashi 5 ne, na ƙarshen, Akinla, yana da tashe irin na hailaif, ko a cikin hayaniya ana jin sa. Da ni ne, da shi zan buɗe makon farko.

In ka samu sarari ka leƙa MUSON, cibiyar kiɗa da ke Onikan a nan Legas, ka ji yadda goge da fiyano suke a ɗaki kafin ka yanke wa faifai hukunci. Kai, an kawo wuta, bari in sa waya a caji. Turo min jerin da ka rubuta in duba.