Amsa kan manhajar tsara hanyar keke daga Kano zuwa Tiga

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambayi manhajar da za ta fitar maka da hanyar keke daga Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga ba tare da ka yi ta gogayya da tireloli a titin Zariya ba. Na daɗe ina hawan keke a wannan yanki, kuma shawarata ita ce ka tsara hanyar da manhaja ɗaya, ka tantance ta da wata, domin kowace tana da inda ta gaza.

Google Maps ce kowa yake fara buɗewa, kuma wajen sunayen garuruwa da gidajen mai da masallatai babu kamarta. Sai dai an gina ta ne da tunanin mai mota. Tsarin babur da aka ƙara mata a Najeriya a 2019 ya fi kusa da bukatarmu, amma shi ma hanya mafi sauri yake nema, wadda galibi ita ce babban titin da kake gudu. Idan kuma ka sauke taswirar don amfani ba tare da data ba, jagorar mota kaɗai za ta ba ka. Abin da nake buɗe ta dominsa shi ne hoton tauraron ɗan'adam.

Tsara hanyar kuwa ina yinsa ne da OsmAnd, wani lokaci da Organic Maps idan wayar ba ta da wuri. Dukansu suna ɗauko bayanansu daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Birtaniya a 2004, wadda masu sa kai suke zanawa. Suna da tsarin keke, ana sauke taswirarsu gaba ɗaya a waya, kuma GPS ba ya bukatar data, don haka ko sabis ya ɗauke za ka ci gaba da ganin inda kake. OsmAnd tana da saituna masu yawa har su ɗaure wa sabon shiga kai, amma tana barinka ka dasa wuraren da kake so hanyar ta ratsa, ka ajiye ta a fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da zanen hanyar, ka tura wa abokan tafiya. Komoot, wadda aka ƙirƙira a Jamus, ta fi su kyan gani, tana nuna hawa da gangara da irin shimfiɗar hanya. Bayanin hawa da gangara zai yi wa mutumin Jos amfani fiye da mu da ƙasarmu take shimfiɗe.

Inda matsalar take shi ne bayanin shimfiɗar hanya. Manhaja ba ta san kwalta ce ko burji ko yashi ba sai idan wani ya shigar da bayanin, kuma a ƙauyukanmu ba a cika shigarwa ba. Za ka ga layi siriri ya ratsa gonakin rani na Kura da Kadawa, a bakin magudanar ruwan da ke zuwa daga Tiga, ka ɗauka ka samu hanya. Wani wurin burji ne mai tauri da keke yake gudu a kai, wani wurin kuma yashi ne da taya take nutsewa har sai ka sauka ka tura. A nan hoton tauraro yake taimakawa: ja-ja yawanci burji ne, fari fat kuma yashi. Amma ka lura, hoton da aka ɗauka da rani zai nuna maka rafi a bushe kamar hanya, alhali a watan Agusta ruwa ne ke gudu a wurin. Saboda haka ka fara tabbatar da gadar da za ka tsallaka kogin Challawa, kamar ta Tamburawa, sannan ka gina sauran hanyar a kanta. Da ka sauka daga kwalta kuma, ka tsaya wurin mai faci ko 'yan acaɓa ka tambaya, su ne suke bin hanyar kullum.

Manhajar Strava kuwa ta fi amfani wajen ajiye tarihin tafiya. Taswirarta mai nuna inda mahaya suka fi bi ba ta da kauri a ƙauyukan nan, kuma idan za ka yi amfani da ita, ka ɓoye mafarin tafiya da ƙarshenta, don kada ka nuna wa duniya ƙofar gidanka.

Batun caji ma kada ka raina shi. Wayar da aka ɗaure a kan keke da allo a kunne tana shanye batir, a zafin Afrilu kuma takan yi zafi har ta dushe. Ni ina sa ta a jaka in kunna jagorar murya, in riƙe fawa banki. Idan da hunturu za ka je, lokacin da manhaja ta ƙiyasta maka bai haɗa da iska ba. Tiga tana kudu da Kano, iskar kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka za ta tura ka a tafiya, ta tare ka a dawowa. Ka fita bayan sallar asuba, ka ware wa dawowa lokaci fiye da na zuwa.