Yadda ake gane takardar da jami'in Sin ya aika wa takwaransa

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka gane cewa tsohuwar takardar gwamnatin Sin tsakanin takwarori aka yi ta idan kanta ya yage, babu sunan ofishin da ya aiko ta, ka kuma tambayi dalilin da ya sa ire-irenta suke da sunaye barkatai. Ka daina neman amsar a kan takardar, ka neme ta a cikin kalmomin da magatakarda ya buɗe magana da su da waɗanda ya rufe da su, domin a nan ne ake auna tazarar muƙami.

Tun zamanin daular Qin abin yake haka. A shekarar 2002 an tono katakan rubutu fiye da 36,000 daga wata tsohuwar rijiya a Liye, cikin lardin Hunan, kuma a jikinsu za ka ga cewa mai rubuta wa na gaba da shi yakan ce "gan yan zhi", wato ina neman afuwa in faɗi wannan, mai rubuta wa tsaransa kuwa sai ya ce "gan gao", wato ina neman afuwa in sanar. Wanda ke rubuta wa na ƙasa da shi ba ya neman afuwar kowa.

A zamanin daular Han takardar takwarori da ake kira "yi" tana da sauran 'yanci, mutum yakan zuba hujja da fushi a cikinta. Wajen shekara ta 6 kafin haihuwar Annabi Isa, Liu Xin ya aika wa malaman fada irin wannan takarda yana zarginsu da ƙin karɓar tsofaffin nassosi saboda son zuciya, ta fusata su har sai da ya nemi a tura shi aiki nesa da babban birni. A ganina wannan ne lokacin da salon ya fi daɗin karatu, amma shi ne ya fi wuyar rarrabewa, saboda tsarin bai daskare ba tukuna.

Daular Tang ce ta ɗaure shi. Kundin dokokin mulkinta, Tang Liudian, wanda aka kammala wajen shekarar 738, ya ware iri uku da ofisoshi ke tuntuɓar juna da su: "guan" don sanar da al'amari, "ci" don tono shi, da "yi" don miƙa shi ga wani ofishi, wanda dole jami'an da al'amarin ya ratsa hannunsu su sa hannu tare. Wani guntun doka da masani Bafaranshe Paul Pelliot ya kwaso daga kogon Dunhuang a 1908, wanda ke Faris yanzu, ya ƙara fayyace bambancin: ana aika "yi" tsakanin ofisoshin da babu wanda ke ƙarƙashin wani, "guan" kuwa tsakanin sassan da shugabansu ɗaya amma aikinsu daban. Dalilin yawan sunayen ke nan. Daga baya wata takardar takwarori mai suna "zi" ta shigo, ta yi ƙarfi a zamanin Yuan tsakanin gwamnatin tsakiya da ofisoshinta na larduna, ta kuma zama takardar manyan ma'aikatu da gwamnoni a zamanin Ming da Qing, aka bar "yi" da "guan" ga ƙananan ofisoshi a tsakaninsu.

Galibin abin da zai zo teburinka na zamanin Qing ne, don haka ka riƙe wannan da kyau. Magatakarda yakan kwafo takardar da yake amsawa a cikin tasa. Idan ya gabatar da ita da "feng", daga sama ta zo. Idan da "ju", daga ƙasa. Idan da "zhun", daga takwara. Ƙarshen abin da ya kwafo ma haka yake, "deng yin zhun ci" na takwara ne, "deng qing ju ci" na mai ƙaramin muƙami. Sannan ka duba yadda ya kira ɗaya ofishin, domin takwara yakan samu "gui", wato mai daraja, a gaban sunansa. Jan tawada da manya ke yi wa takardun umarni alama da shi ba a saba ganinsa a tsakanin tsara ba.

Kada ka ɗauka cewa wannan tsirfa ce ta magatakarda kawai. A 1834 gwamna Lu Kun ya ƙi karɓar wasiƙar Napier, wakilin Ingila a Guangzhou, saboda ba ta zo a matsayin koke ta hannun 'yan kasuwar da aka yarje wa hulɗa da baƙi ba. Shi ya sa yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ware sashe na 11 ga wannan batu, inda aka tsayar cewa manyan jami'an ɓangarorin biyu za su riƙa rubuta wa juna "zhaohui", wato takardar sanarwa tsakanin takwarori.

Game da takardar da ke gabanka, ka fara nemo kalmar da aka gabatar da kwafin da ita, ka duba layin ƙarshe ko akwai "xu zhi zi zhe" da ke rufe "zi", kana ka gwada hatimin da zamanin. Idan biyu sun dace ɗaya bai dace ba, ka rubuta a katin cewa akwai shakka, ka kawo mini mu duba tare.