Tsuntsayen da aka kashe da magani a fadama: ana cin namansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman shinkafar rani a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa. Tun shigowar hunturu agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke sauka mana garke-garke. Maƙwabcina ya jiƙa shanshera da magani ya watsa, da safe yara suka tsinto su, aka yanka masu sauran numfashi. An kawo wa iyalina, wai in an zubar da kayan ciki babu komai. Hankalina bai kwanta ba. Akwai ma ɗaya mai zobe a ƙafa, ana cewa turo shi aka yi da cuta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada kowa ya ci naman nan. A haƙa rami mai zurfi a binne shi inda kare ba zai tono ba.

Maganar nan ta "a zubar da kayan ciki" na gaji da jin ta, daga bakin mafarauta har masu tuyar tsuntsaye a tasha. Wa ya gaya musu guba a hanji take tsayawa? Da a hanji ta tsaya, ai da tsuntsun bai faɗi ba. Abin da ya kayar da shi shi ne maganin ya riga ya shiga jini ya taɓa jijiyoyi. Wanda aka fi yin wannan ɓarna da shi shi ne maganin ƙwari na Furadan mai ƙwayoyi ruwan shuni, da danginsa na feshi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ƙaramin tsuntsu, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2008. Wanki da ruwan zafi, babbaka, yaji, duk ba abin dogaro ba ne. Wani zai ce ya shekara yana ci bai mutu ba. To shi ƙato ne. Yaron da aka miƙa wa cinya fa? Yanka kuwa batun halasci ne, wannan na malamai ne, amma wuƙa ba ta fitar da guba.

In wani ya riga ya ci, a lura da dalalar miyau, zufa, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Asibiti kai tsaye, a tafi da kwalin maganin in an samu. Don Allah a daina ɗura wa mutum manja ko madara. Ɓata lokaci ne, kuma yana iya shaƙewa. Akwai allurar da likita ke yi, amma sai an kai shi da wuri.

Ruwan da aka watsa gubar kuma shi ne ke gangarawa kogin Gongola, shi shanu ke sha, a cikinsa ake kamun kifi.

Mai zobe ba ɗan aike ba ne. Masu bincike ne ke sa zoben, da lamba da adireshi, don a san hanyar da tsuntsu ke bi. Ba zinare ba ne, babu wani sinadari a ciki. Ka ɗauki hotonsa ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Yawancin baƙin nan a arewacin Turai da Saberiya suke ƙyanƙyasa, su tsallako Sahara wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Bayan wannan hamada, ruwan da za su samu ƙalilan ne: fadamun Haɗejia da Nguru, Tafkin Chadi, tafkin Maladumba na Misau wanda aka sa cikin jerin Ramsar na muhimman dausayi na duniya a 2008, sai irin naku. Murar tsuntsaye gaskiya ce, ta ɓulla a Kaduna a 2006, shi ya sa tsuntsun da aka tsinta matacce ba a taɓa shi da hannu, a sanar da likitan dabbobi.

Ban ce ba sa ɓarna ba. Kirinjijiya da agwagi suna cin irin da aka yafa, musamman da dare. Amma mai cinye shinkafa in ta yi kai ƙaramin tsuntsun nan jan baki ne, shi kuwa guba a ruwa ba ta rage shi. Balbela da zalɓe da ke mutuwa a banza, fara da kwaɗi da kifi suke ci.

Ku koma dashe maimakon yafi, ku baje gona kada a bar kududdufi a tsakiya, don a sararin ruwa agwagwa ke sauka. Ku haɗa baki ku shuka lokaci guda, ku raba gadi da gwangwani da fitila. Maƙwabcinka kuma ka same shi a keɓe. In ya ƙi ji, ka kai maganar gaban sarkin noma.