Tambaya da Amsa: Ina so in ɗora wa kekena inji, me zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, ina zaune a Gangare amma shagon da nake aiki yana Bukur, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye rabin abin da nake samu. Ina da keke irin mai giyan nan na gwanjo, bodinsa alminiyam ne mara nauyi, na ga ana tallan ƙaramin inji 80cc da ake ɗaura wa keke. Don Allah wanne zan saya, kuma me da me zan haɗa da shi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Toh gaskiyar magana injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka saya, kuma wannan keken naka da kake yabon rashin nauyinsa shi ya fi damuna a duk wasiƙar. Ƙananan injinan nan suna da jijjiga sosai, shi kuma alminiyam baya jure jijjiga ta yau da gobe, a hankali zai fara tsagewa daga inda aka ɗaure injin ko wajen haɗin walda kuma baya ba da sanarwa, in ya tsage ba kowane mai walda ne zai iya kama maka shi ba. Ka nemi keke mai bodin ƙarfe, irin tsoffin Raleigh ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka hau, ko dai wani mai taya 26 da tsakiyarsa ke buɗe. Ka je da tef ka auna, daga wajen feda zuwa sandar sama kana buƙatar fili kamar inci 9 zuwa 11 kafin injin ya zauna. Keken da ke da shokozoba a tsakiya ka manta da shi kawai, babu inda injin zai shiga.

Sai wilin baya, wanda shi ne zai sha duk wahalar. Yawancin kayan nan suna zuwa da siforket, wato faifan nan mai haƙora da cen ke hawa, da ake matse shi a jikin sifok da wasu robobi da notuna, wato ƙarfin injin gaba ɗaya a kan sifok yake sauka, shi yasa in ka bar sirarran sifok ɗin da keken ya zo da su ba za ka yi wata biyu ba ka fara jin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ka sa mai gyaran keke ya saƙa maka wilin da sifok masu kauri, lamba 12, guda 36, a kan rim mai gwaɓi. In ka samu abin da ke kama siforket a jikin hob, wato cibiyar wilin, kai tsaye ya fi robobin nan nesa ba kusa ba. Akwai kuma ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar taya da ke tsare cen kar ya saki, wallahi da idona na ga yaro ya faɗi a gangara saboda wannan ƙarfen ya juya ya faɗa cikin sifok taya ta ƙame nan take, Allah ya kiyaye hannu kawai ya goge. Ka ɗaure shi tamau, ka riƙa dubawa kullum kafin ka fita.

Birki kuma babu wasa a ciki. An yi birkin keke ne don mai feda, kai kuma za ka riƙa kaiwa kusan kilomita 40 a awa ga ƙarin nauyin inji da mai, a garin da ba ka tafiyar minti biyar ba ka haɗu da gangara ba. Birki biyu masu kamawa, gaba da baya, in da hali na gaban ya zama na faifai. Kuma ka sayi hular kwano tun kafin injin.

Yanzu injin. Wanda ake rubuta wa 80cc ɗin nan na Caina a zahiri kusan 66cc ne, sunan talla ne kawai. Irin aikinsa ɗaya da ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, yana da arha, baya da nauyi, kuma duk bakaniken da ke gyaran janareta zai gane kansa, sai dai ƙara da hayaƙi da yawan kwance noti. Akwai ɗaya kuma 49cc wanda gidan baƙin mansa daban, ya fi daɗewa da tsimin mai amma ya fi tsada da faɗi, sau da yawa sai an canza fedar da mai faɗi don kar ta riƙa bugunsa. Ga mai zuwa Bukur kullum da kullum, in aljihu zai ɗauka ni na biyun zan zaɓa. In na farkon ka saya, yana sabo ka zuba baƙin mai kamar mil 60 a kowace litar fetur, bayan tanki uku ko huɗu ka dawo mil 40, kuma man da aka yi don irin injin za ka nema, kar ka zuba wanda aka juye daga mota. Fulogin da yake zuwa da shi ma ka canza da na kamfanin NGK.

Abin da masu talla ba za su faɗa maka ba shi ne Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, iskar nan ba ta da kauri kamar ta Legas, duk inji yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a nan kuma kafireto kan ba da mai fiye da kima. In ka ga fulogi yana yin baƙi ƙirin sai bakanike ya ɗan sauke allurar kafireton. Saboda haka ne ma nake cewa kar ka bari wani ya ruɗe ka da ƙaramin siforket mai haƙora 36 wai don gudu, a hawa za ka koma taka feda kana gumi. Mai haƙora 44 da yake zuwa a kwalin ya isa, in kai mai jiki ne ko za ka riƙa ɗaukar kaya a kariya ka nemi 48 ko 50.

Kafin ka biya kuɗi ka leƙa Dilimi ka tambayi masu kayan gyara ko ana samun fistin da ring da fulet ɗin kuloci na wannan injin, in ba a samu ka fasa, don inji mara kayan gyara ajiye shi za ka yi a bayan ɗaki. Sannan ka san yadda ake takura wa babura a tsakanin Jos da Bukur, kuma da zarar keke ya samu inji da salansa jami'in da ke kan hanya zai iya kallonsa a matsayin babur, don haka ka je ofishin VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, da kanka ka tambaya me ake buƙata tun kafin ka kashe ko sisi.