Yadda Excel zai riƙa nuna maka wanda ya kamata ka kira kan bashi

Wani ɗan kasuwa da ke sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana ba masu shaguna kaya bashi, yaronsa na rubutawa a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, amma duk ƙarshen mako sai sun bi sunaye ɗaya bayan ɗaya kafin su gane wanda ya wuce lokaci. Ko akwai yadda kwamfutar za ta nuna da kanta?

Alhaji, akwai, kuma ba ya buƙatar ka sayi wata manhaja. Fomular da kake nema ita ce IF, tana nan a Excel, tana nan a Google Sheets da ake amfani da shi kyauta har a waya. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta sharaɗi, ka faɗa mata abin da za ta rubuta in ya cika, da abin da za ta rubuta in bai cika ba.

Amma kafin yaronka ya taɓa kwamfuta, kai ne za ka yanke hukunci: kwana nawa kake ɗaga wa mai bashi? Shawarata, ka auna da naka wa'adin. In dilan da ke ba ka kaya yana jiran kuɗinsa bayan kwana 21, bai kamata ka bar naka a hannun mutane ya wuce kwana 14 ba, in ba haka ba da jarinka za ka riƙa toshe ramin.

A jera takardar haka, ana bin haruffan da ke samanta: ƙarƙashin A sunan mai shago, B ranar da ya ɗauki kaya, C kuɗin kayan, D abin da ya biya. A gidan E2 (inda harafin E ya haɗu da layi na 2) a rubuta =C2-D2, wato saura. Sai a F2 a saka wannan:

=IF(AND(E2>0,TODAY()-B2>14),"A kira shi","")

Ma'anarsa, in akwai saura kuma an wuce kwana 14, a rubuta "A kira shi", in ba haka ba a bar gidan fayau. TODAY tana ɗauko ranar yau da kanta, don haka kullum ka buɗe takardar lissafin ya sabunta. A ja fomular ƙasa ta rufe sauran layukan.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wurin shigar da bayanai. Excel na ƙirga ranaku ne a matsayin lamba tun daga shekarar 1900, gidan da babu komai kuma sifili yake ɗaukarsa. To in yaronka ya manta bai saka rana a B ba, kwamfutar za ta ga bashin ya haura kwana 45,000, ta ce a kira mutumin da ya ɗauki kaya da safen nan. Ka ga an ɓata da abokin ciniki a banza. Haka in ya rubuta N85,000 da harafin N a gaba, ya zama rubutu, lissafi ya tsaya. Ga yadda za ka gane da ido: lamba da rana suna jingina dama a cikin gida, rubutu yana jingina hagu. Sannan a duba tsarin rana, domin kwamfutar da ke kan tsarin Amurka wata take fara karantawa, 03/04 a wurinta 4 ga Maris ne, kai kuwa 3 ga Afrilu kake nufi.

In mutum ɗaya ya ɗauki kaya sau da yawa, SUMIF za ta haɗa maka duk abin da kake binsa: =SUMIF(A:A,"Mai shayi",E:E). Ba ruwanta da babban harafi ko ƙarami, amma in yau an rubuta "Mai shayi" gobe "Maishayi", mutum biyu ne a wurinta. Ku tsayar da rubutun kowane suna guda ɗaya. Don sanin mutum nawa ke jiran kira, =COUNTIF(F:F,"A kira shi") ta isa.

Za ka ji masu cewa a cusa IF cikin IF, har Excel na yarda da hawa 64. Ni ban ga amfaninsa a shago ba. Da zarar ya wuce uku, ranar da yaron ya bar aiki babu mai iya gyara ta.

In kana musayar takarda da abokan hulɗa na Maraɗi ko Damagaram, wataƙila nasu Excel ɗin na Faransanci ne. A can IF ita ce SI, SUMIF kuma SOMME.SI, sannan waƙafi mai ruwa suke sakawa inda muke saka waƙafi. Ka tura musu fayil ɗin kansa, zai juya da kansa. In ka kwafe fomular ka tura ta WhatsApp ne za ta ƙi aiki a wurinsu.